Rada Ba Ta Ganin Fasinja

Memuna: Assalamu alaikum, jama'ar Zango. Na Nima da Mamobi, na Sabon Zango da Madina, da ku na Kumasi, Aboabo da Asawase, barkanmu da yamma. Kawu Iddi, sannu da zuwa. Awudu, matso da makirfon.

Kawu Iddi: Wa alaikumus salam. Barkanku, 'ya'yana.

Memuna: Maganar yau ku kuka zaɓa. Tun ranar da Katar ta rufe sararin samaniyarta a watan Yunin 2025, aka karkatar da jirage, matafiya suka maƙale a hanya, tambaya ɗaya ke ta dawo mana. Masu 'ya'ya a Doha da Dubai, masu shirin Umara, duk bakinsu ɗaya: sojan da ke zaune gaban makami mai linzami, ta yaya yake sanin wannan jirgin fasinja ne, wancan na yaƙi?

Awudu: Ga kuma saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, kowa ya ji shi, mai cewa na'urorin kwamfuta ne, ba sa kuskure, don haka duk jirgin da aka kakkaɓo da gangan aka yi.

Kawu Iddi: Mai saƙon ya ba na'ura girman da ba ta da shi. Rada ba ta ganin jirgi yadda ku ke ganinsa daga Nima in ya ɗaga daga filin jirgin Akra. Ba ta ganin fenti, ba ta ganin tambarin kamfani, balle tagogi da mutanen da ke zaune. Sigina take aikawa, ya bugi ƙarfe ya dawo. Lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, shi ke ba da nisa. Inda eriya ta fuskanta, shi ke ba da kusurwa. Yadda siginan ya sauya, shi ke nuna gudu, yana matsowa ko yana nisa. Abin da mutum ke gani a allo ɗigo ne da lambobi a gefensa. Sanin wane ne, wannan aikin wata na'ura ce dabam.

Awudu: Tiransfonda.

Kawu Iddi: Ita. Daga ƙasa ake tura tambaya a mita 1030 megahaz, na'urar da ke cikin jirgi ta amsa a 1090. Faɗa musu abin da take amsawa, Awudu.

Awudu: A tsarin A tana ba da lamba huɗu, kowace daga 0 zuwa 7, wato lambobi 4096 ke nan gaba ɗaya. Masu kula da zirga-zirgar jirage su ke ba matuƙi lambar kafin ya tashi, shi kuma ya danna ta. A tsarin C tana ƙara tsawon da jirgi yake kai, ƙafa ɗari-ɗari. A tsarin S kowane jirgi a duniya yana da adireshinsa na dindindin, yana kuma faɗin sunan tafiyar. Akwai lambobi uku da aka ware: 7500 an yi fashin jirgi, 7600 rediyo ta mutu, 7700 ana cikin haɗari.

Memuna: Ita ce mutane ke gani a Flightradar24 in alhazai sun taso daga Jidda, kowa na bin jirgin a waya.

Awudu: Wannan ADS-B ne, jirgi da kansa ke shelar inda yake, daga abin da GPS ta gaya masa, ba sai an tambaye shi ba.

Kawu Iddi: To, na soja kuma akwai tambaya ta sirri, ita ake kira IFF, tantance aboki da maƙiyi. A ƙasashen NATO a da tsari na 4 ne, yanzu an koma na 5. Ana loda makullin sirri a jirgi da kuma a na'urar da ke ƙasa, ana canza shi a kai a kai. In amsar ta dace, aboki ne. Amma ku riƙe wannan, don shi ne maganar yau duka: na'urar nan aboki kaɗai take iya tabbatarwa. Ba ta taɓa tabbatar da maƙiyi. Kamar mai gadi ne cikin dare ya ji motsi ya ce, wa ke nan? In ɗan gida ne ya amsa da muryar da aka sani, an huta. In aka yi shiru, yana iya zama ɓarawo, yana iya zama kurma, yana iya zama baƙo da bai ji yaren ba. Jirgin fasinja ba shi da makullin soja, ba zai taɓa ba da wannan amsar ba. Lambar farar hula kuwa da yake bayarwa ba sirri ba ce, jirgin yaƙi ma zai iya danna ta ya ɓoye. Shi ya sa in ana cikin tsoro, soja ba ya sakin jiki da ita.

Memuna: Sai ya duba me, Kawu?

Kawu Iddi: Sai ya haɗa hujjoji. Daga wane fili ya tashi? Yana kan hanyar da aka shata wa jiragen fasinja? Yana cikin jadawalin ranar? Hawa yake ko sauka? Gudunsa nawa? Ya kunna radar kai hari? Wasu na'urorin zamani har farfelar injin suke iya ƙirgawa daga siginan da ya dawo, su gane irin jirgin, amma sai yana fuskantarsu yadda ya kamata. Mafi girma a cikin duka shi ne layin sadarwa da cibiya, inda aka haɗa hoton radar soja da na farar hula wuri ɗaya. Mai harbi ba shi ya kamata ya yanke hukunci ba, izini yake jira. Duk inda za ku ga an kakkaɓo jirgin fasinja, ku bincika, za ku tarar ɗaya daga cikin waɗannan ya tsinke.

Awudu: Nasu ma suna harbowa. A Maris 2003, lokacin yaƙin Iraƙi, makamin kariyar sama na Amurka, Patriot, ya kakkaɓo jirgin yaƙin Ingila, Tornado, yana dawowa sansani a Kuwait, mutum biyu suka mutu. Kwamfutar ta lissafa shi a matsayin makamin da ke bin rada, IFF ɗin jirgin na da matsala, rukunin kuma na aiki shi kaɗai. Indiya ta harbo helikwaftanta a Kashmir a Fabrairun 2019. Siriya ta harbo jirgin Rasha a 2018, mutum 15.

Kawu Iddi: Idan mai makulli a hannu bai tsira ba, ina ga wanda ba shi da shi? Bari mu zauna kan na 1988, don a cikinsa komai yake. Ranar 3 ga Yuli, Iran Air, tafiya mai lamba 655, Airbus A300, daga Bandar Abbas zuwa Dubai. Tafiyar da ba ta kai minti talatin ba. Mutum 290, yara 66 a ciki. A teku kuma ga jirgin ruwan yaƙin Amurka, Vincennes, ɗauke da Aegis, radar da ta fi kowace a wancan zamanin. A wannan safiyar yana musayar wuta da ƙananan jiragen ruwan Iran, ya ma shiga ruwan Iran ɗin. Shekara ɗaya kafin nan jirgin Iraƙi ya bugi wani jirgin ruwansu, Stark, sojoji 37 suka mutu, aka zargi kwamandan da jinkiri. Kowa a ɗakin da wannan a ransa.

Memuna: Kuma filin Bandar Abbas na haɗaka ne, soja da farar hula.

Kawu Iddi: Nan matsala ta farko ta fito. Da jirgin ya ɗaga, ma'aikacin ya tura tambaya, ya samu lambar farar hula, 6760. Daidai. Amma ya bar ma'aunin nisan na'urar a kan filin jirgin, bai bi jirgin da shi ba. Sai ya kama amsar soja daga wani jirgi da ke ƙasa, aka maƙala wa Airbus ɗin. Nan take aka fara cewa jirgin yaƙin Iran ne, F-14. Ta biyu, an buɗe jadawalin jiragen fasinja, ba a ga tafiyar ba. Ɗakin da duhu, jirgin ya yi lattin minti 27, ga agogon Iran ya bambanta da na maƙwabta da rabin awa. Ta uku ita ce mai ciwo. Bayanan da Aegis ta naɗa, waɗanda aka duba daga baya, sun nuna jirgin hawa yake tun tashinsa har aka buge shi, a wajen ƙafa 13,500, yana cikin hanyarsa. Amma mutanen da ke gaban allo suna faɗa wa kwamanda sauka yake, yana ƙara gudu, yana doso su.

Memuna: Allon na nuna hawa, baki na cewa sauka?

Kawu Iddi: Haka rahoton sojan Amurka ɗin da kansa ya ce. Sun yi ta atisaye kan harin da zai zo da wannan siffar, da tsoro ya kama su, sai idonsu ya ga abin da suke jira.

Awudu: Akwai kuma batun lambar ɗigon, Kawu. Vincennes ta ba shi 4474, wani jirgin ruwan da suke tare, Sides, ya ba shi 4131. Kwamfuta ta haɗe su ta riƙe 4131, ta saki 4474, aka ba wani jirgin yaƙi da ke can nesa, wanda shi da gaske sauka yake. Masu nazari da dama na ganin duk wanda ya danna tsohuwar lambar, bayanan wancan jirgin ya gani.

Memuna: Amma an kira matuƙin. Kullum ana cewa an yi masa gargaɗi sau goma bai amsa ba.

Kawu Iddi: Bakwai daga ciki a mitar gaggawa ta soja aka yi su, 243. Jirgin fasinja ba shi da rediyon da ke kama ta. Uku a ta farar hula, 121.5. To me aka ce a ciki? Jirgin da ba a san ko wane ne ba, mai gudu 350. Gudun da rada ke aunawa ke nan, a kan ƙasa. Matuƙi kuwa agogon gabansa gudun cikin iska yake nuna masa, wajen 300. Yana kan hanyarsa, yana magana da hasumiya, yana ba da lambarsa. Don me zai ɗauka da shi ake? Da sun ce, kai mai lamba 6760, da ya sani. Vincennes ba ta ambace ta ba. Daga tashi zuwa harbi minti bakwai. Makamai biyu. Ba wanda ya fita. A 1996 Amurka ta biya iyalan dala miliyan 61.8, ba tare da ta amsa laifi a shari'ance ba.

Memuna: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Awudu: Shi na Koriya a 1983 jirgin yaƙi ne ya harbe shi, ba makami daga ƙasa ba. Boeing 747 daga Ankurej zuwa Seul, ya kauce hanya da ɗaruruwan kilomita ya shiga sararin Tarayyar Sobiyat, aka kakkaɓo shi kusa da tsibirin Sakalin, mutum 269. Bayansa ne aka ƙara wa yarjejeniyar Shikago, ta zirga-zirgar jiragen sama a duniya, sashen da ya hana amfani da makami kan jirgin farar hula, a 1984. Bayansa kuma Shugaba Reagan ya ce za a buɗe wa farar hula GPS.

Memuna: GPS ɗin da yanzu ta ba kowane gida a Gana adireshi tun 2017.

Kawu Iddi: Ta bayar, amma a Nima kwatance ya fi ta sauri. Ka ce wa ɗan okada, ka wuce babban masallacin Kanda, ka gangara, ka tsallake kwata, gidan da ke bayan mai waakye. Zai kai ka har ƙofar ɗaki.

Awudu: Wace mai waakye? A layi ɗaya akwai huɗu.

Memuna: Wadda layinta ya fi tsawo. Ita kaɗai ake kwatance da ita.

Awudu: A Aboabo ba ma buƙatar haka. Sunan mai gida kawai za ka faɗa, yaro ɗan shekara biyar ya riƙe hannunka har zaure.

Kawu Iddi: Don Kumasi ɗin ƙauye ne mai girma.

Awudu: Kawu! Garin Kotoko kake kira ƙauye?

Kawu Iddi: Na san can za ka. Hearts ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2000.

Awudu: Kotoko sau biyu, 1970 da 1983.

Memuna: Ka ga 1983 ta sake dawowa.

Awudu: Waakyen Kumasi ma ya fi, ganyen dawa ya fi kama shi, ya fi ja.

Memuna: A nan kam ban yarda ba. Shito ɗin Nima ba shi da na biyu. Ku aiko mana da saƙo, na Kumasi da na Akra, mu ji.

Awudu: Za su aiko, kuma za ki ga.

Kawu Iddi: In sun aiko, su haɗo da kwano. To, mu koma. Wannan GPS ɗin yanzu ita ma ta zama ƙofar haɗari, domin masu kare garuruwa daga jirage marasa matuƙi suna toshe siginanta, wani lokaci su cusa na ƙarya. Jirgin da ke shelar inda yake bisa abin da GPS ta gaya masa, sai ya ɓace ko ya faɗi wurin da ba nan yake ba. Ranar 25 ga Disambar 2024, jirgin Azarbaijan, Embraer 190, daga Baku zuwa Grozni ta Rasha. An toshe GPS a yankin, ga hazo, ga jirage marasa matuƙi na Yukren a sama. Ɓarɓashin makami ya huda wutsiyarsa, man da ke motsa sitiyarin jirgin ya tsiyaye. Matuƙan da ƙarfin injin kawai suka tsallake tekun Kasfiyan da shi har Aktau a Kazakistan. Mutum 67 a ciki, 38 suka rasu, 29 suka rayu. A Oktoban 2025 Putin da bakinsa ya amsa cewa makaman kariyar Rasha ne suka fashe kusa da jirgin.

Memuna: Waɗannan matuƙan, Allah ya jiƙansu, sun yi aiki.

Awudu: Abin da mutane ba su sani ba, makamin ba sai ya taɓa jirgi ba. Yana da na'urar da ke jin ya kusa, sai ya fashe ya watsa ɗaruruwan guntayen ƙarfe. Kuma da zarar ya bar ƙasa ba ya tantance kowa. Wani zafin injin yake bi, wani siginan da radar ƙasa ta haska yake bi. A Oktoban 2001 sojan Yukren na atisaye a Kirimiya, makaminsu S-200 ya wuce abin da aka saka masa ya je ya samu jirgin Rasha mai zuwa daga Tel Abib a saman Baƙin Teku, nisan fiye da kilomita 200. Mutum 78.

Kawu Iddi: Na Tehran kuwa, 8 ga Janairun 2020, kowa ya san daren. Amurka ta kashe Janar Sulaimani na Iran ranar 3 ga wata, Iran ta rama kan sansanin Ainul Asad a Iraƙi, inda sojan Amurka suke, tana jiran martani. Amurka ta riga ta hana kamfanoninta bi ta sararin. Iran ta bar filin jirgin Imam Khumaini a buɗe. Jirgin Yukren, Boeing 737, ya tashi ƙarfe 6:12 na safe, tiransfondarsa a kunne, da izinin hasumiya, a kan hanyar da wasu jirage suka bi a wannan safiyar. To akwai motar harba makami mai linzami, Tor-M1, da aka matsar zuwa sabon wuri. Irin wannan motar duk lokacin da ta sauya mazauni dole a sake saita mata arewa, don kusurwar da take nunawa daga nan take lissafa ta. Ba a yi ba. Rahoton Iran ya ce ta karkace da fiye da digiri 100. Jirgin da ke barin gari sai ya bayyana kamar yana doso shi daga wata kusurwa.

Awudu: Suka ce mai harbin ya ɗauka makami ne mai tafiya ƙasa-ƙasa, a nisan kilomita 19.

Kawu Iddi: Wanda ko kama ba su yi. Shi wancan makamin ƙarami ne, yana bin doron ƙasa. Wannan ƙaton jirgi ne yana hawa, ya kai wajen ƙafa 8,000. Mai harbin ya nemi cibiya a rediyo bai samu ba, kwamandansu ya ce daƙiƙa goma yake da ita. Doka ta ce in ba ka samu izini ba kada ka harba. Ya harba. Bayan kamar rabin minti ya ƙara na biyu. Mutum 176. Kwana uku ana musu, sai ranar 11 aka amsa. Kanada da iyalan mamatan ba su gamsu da bayanin ba, suna da hujjarsu. Amma ko ka karɓi bayanin Iran kalma da kalma, tambayar na nan: wa ya bar fasinja su tashi a daren da aka ce wa kowane soja ya ɗora yatsa a kan maɓalli?

Memuna: Wannan ce ta MH17 ma.

Kawu Iddi: Ita ce. 17 ga Yulin 2014, Boeing 777 na Malesiya daga Amstadam, aka harbo shi a saman gabashin Yukren inda ake yaƙi, mutum 298, 196 'yan Holan. Kwana uku kafin nan an harbo jirgin dakon sojan Yukren, An-26, a tsawon da makamin kafaɗa ba ya kaiwa. Wannan kaɗai ya isa a gane babban makami ya shigo yankin. Sai aka rufe sararin daga ƙasa zuwa ƙafa 32,000, aka bar sama. Jirgin na kan 33,000. Makamin Buk kuwa yana wuce 70,000. Ƙafa dubu ɗaya ta me? Hukumar binciken Holan ta ce jirage 160 suka bi ta wurin a ranar.

Awudu: Kuma Buk cikakke motoci ne da yawa: mai babbar radar bincike, mai ba da umarni, sannan masu harbi. Can mai harbin ce kaɗai aka kai. Tana da ƙaramar radarta, za ta iya kama jirgi ta harba, amma ba ta da faɗin hoton sama, ba ta da jadawalin kowa. A jikin matuƙan aka samu guntayen ƙarfe masu siffa ta musamman, da su aka gane irin kan makamin. Masu bincike suka bi sawun motar har birged ta 53 ta sojan Rasha a Kursk. Kotun Holan a Nuwamban 2022 ta yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai ba sa nan, ta kuma ce jirgin soja suka yi niyya, amma hakan bai wanke su ba. Rasha ta musanta.

Kawu Iddi: Shi ya sa ni da na ji mutanenmu na zagin Katar don ta rufe sama na 'yan awoyi, raina bai so ba. Abin da ya kamata ta yi ke nan. Ƙasa ce kaɗai ke da ikon rufe sararinta, ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ba ta iya tilasta mata. Kuma ƙasashe ba sa so, don akwai kuɗin da kowane jirgi ke biya in ya ratsa, akwai kuma jin kunyar a ce ba ka iya riƙe samanka ba. Kamfani shi ma kewaye mai ne, mai kuma kuɗi ne. In kowa ya jira ɗan'uwansa, sai a bar hukuncin ran mutum ɗari biyu a hannun yaro mai shekara ashirin da wani abu, cikin mota, da daƙiƙa goma.

Memuna: Kawu, nahiyarmu fa? Don masu bin Turai ta saman Sahel suke wucewa.

Kawu Iddi: Mu abin da ya fi damunmu makamin kafaɗa ne, mai bin zafi. Ba shi da wata tantancewa sai idon mai riƙe da shi. Da shi aka harbo jiragen fasinja biyu a Rodeshiya, 1978 da 1979. Da irinsa aka harbo jirgin shugabannin Ruwanda da Burundi a Kigali, 6 ga Afrilun 1994, kun san abin da ya biyo baya. A Mombasa a 2002 an harba biyu suka kuskure. Amma iyakarsa wajen ƙafa 15,000, jirgin fasinja kuwa a 30,000 zuwa 40,000 yake tafiya. Haɗarin a tashi da sauka yake. Shi ya sa gargaɗin da ake ba kamfanoni kan sararin Mali shi ne kada su sauko ƙasa da wajen ƙafa 25,000. Sai dai yanzu manyan na'urori na shigowa yankin. A farkon Afrilun 2025 Aljeriya ta kakkaɓo jirgin Mali maras matuƙi a kan iyaka, suka rufe wa juna sama. Nijar ma ta rufe nata a Agustan 2023, jirage suka yi ta kewaye.

Awudu: Ga na Somaliya, Mayun 2020, jirgin dakon Kenya ɗauke da kayan korona, sojan Habasha suka harbe shi yana shirin sauka a Bardale, mutum shida. Ba su san da zuwansa ba.

Kawu Iddi: Waya ɗaya da ta hana. Duk ƙasar da za ta sayi makamin nan, kafin ta ɗora shi...

Memuna: Kawu, an fara kiran magariba, kuma mun yi wa mutane alkawarin abin da matafiyi zai duba kafin ya yanki tikiti.

Kawu Iddi: To a gurguje. Ka buɗe manhajar bin jirage ka ga hanyar da wannan tafiyar ta bi a makon da ya wuce. Ka duba ko manyan kamfanoni sun daina bi ta wurin. In an soke tafiyarka saboda an rufe sama, kada ka nemi wanda zai ratsa da kai. Sauran...

Awudu: Sauran sai mako mai zuwa, har da batun inshora da mayar da kuɗin tikiti.

Memuna: Da sakamakon waakye. Ku ci gaba da turo saƙonni. Kawu, mun gode. Awudu, kashe na'urar, mu samu jam'i. Assalamu alaikum.